Irving Younger: Alƙalin da ya koya wa lauyoyi yadda ake titsiye shaida

An haifi Irving Younger a birnin New York na Amurka a 1932. Ya kammala Jami'ar Harvard a 1953, sannan ya karanci lauya a Jami'ar New York, ya gama a 1958.

Tun yana matashi ya zama lauyan gwamnatin tarayya mai shigar da ƙara. A 1961 shi ne ya gurfanar da mawaƙi Pete Seeger bisa tuhumar raina majalisar dokoki, saboda ƙin amsa tambayoyin wani kwamiti kan aƙidarsa ta siyasa. An sami Seeger da laifi, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1962.

Bayan Kotun Ƙoli ta yanke a 1961 cewa kotunan jihohi ba za su karɓi hujjar da aka samo ta binciken da ya saɓa wa doka ba, sai 'yan sandan New York suka riƙa ba da labari iri ɗaya, wai wanda ake zargi ne ya yar da ƙwaya a gabansu. A 1967 Younger ya yi rubutu a mujallar The Nation yana bayyana cewa shaidar zur ta zama ruwan dare a bakin 'yan sanda. Da ya zama alƙali a 1969, ya sake tabo matsalar a hukuncin shari'ar McMurty a 1970.

A 1974 ya koma Jami'ar Cornell yana koyar da dabarun shari'a, kuma a wannan fage sunansa ya game duniyar lauyoyi. Ƙa'idojinsa goma na yi wa shaidar abokin hamayya tambayoyi sun yaɗu ta kaset ɗin bidiyo. Daga cikinsu: lauya ya taƙaita, ya yi amfani da kalmomi masu sauƙi, kada ya yi tambayar da bai san amsarta ba, kuma kada ya ƙara tambaya bayan ya sami abin da yake nema. Yakan kafa misali da shari'ar wani da ake zargi da gatse hancin abokin faɗansa. Shaida ya amince bai ga cizon ba. Maimakon lauya ya zauna, sai ya tambaye shi yadda aka yi ya sani, shi kuwa ya ce ya ga lokacin da mutumin ya tofar da hancin.

A 1982 ya kare jaridar Washington Post a ƙarar ɓata suna da shugaban kamfanin mai na Mobil, William Tavoulareas, ya shigar. Masu taya alƙali yanke hukunci sun ci jaridar diyyar kusan dala miliyan biyu, sai dai daga baya kotu ta soke hukuncin.

Ya koma koyarwa a Jami'ar Minnesota a 1984, inda ya ci gaba da shiga aji har cutar daji ta yi ajalinsa a 1988, yana da shekara 55.