Major Taylor: Zakaran tseren keke na duniya da aka binne a kabari marar suna

A shekarar 1899, a birnin Montreal na ƙasar Kanada, wani matashi baƙar fata ɗan shekara 20 ya lashe gasar duniya ta tseren keke na mil ɗaya. Sunansa Marshall Taylor, amma duniya ta fi saninsa da Major Taylor.

An haife shi ranar 26 ga Nuwamban 1878 a Indianapolis da ke Amurka. Mahaifinsa matuƙin keken doki ne a gidan wasu attajirai fararen fata, kuma su ne suka ba yaron kekensa na farko. Daga baya wani shagon sayar da kekuna ya ɗauke shi yana wasa da keke a bakin ƙofa don jan masu saye, sanye da kaki irin na soja. Daga nan laƙabin Major ya samo asali.

Zamanin na tsananin wariyar launin fata ne. A 1894 babbar ƙungiyar mahaya keke ta Amurka ta rufe wa baƙar fata ƙofar zama mambobi. Shekara guda bayan haka Taylor ya bi maigidansa Louis Munger zuwa Worcester a jihar Massachusetts, inda wariyar ta ɗan yi sauƙi.

Sai dai can akwai hunturu mai tsanani, dusar ƙanƙara kan rufe hanyoyi na tsawon watanni. Ɗan tseren da ya jingine keke duk wannan lokaci, bazara za ta riske shi numfashi ya ragu, ƙafa ta yi nauyi. Taylor bai yarda da haka ba. Ya riƙa motsa jiki a zauren YMCA na garin, ya kuma rungumi na'urar atisaye ta cikin ɗaki: ganguna masu juyawa da ake ɗora keke a kansu, mutum ya yi ta taka feda ba tare da ya bar wurin ba.

Na'urar ba ta ɓoye kuskure. Wanda ya karkace kaɗan zai zame ya faɗi, don haka tana koyar da daidaita jiki da juya feda da sauri ba tare da fizga ba, abin da gajeren tsere ya fi buƙata ke nan. Taylor ya ƙware har ya riƙa fafatawa a kanta da Charles Murphy a gidajen wasan kwaikwayo, 'yan kallo na biyan kuɗi.

A fili kuwa, abokan hamayya kan haɗa baki su tsare masa hanya. A 1897 wani ɗan tsere, William Becker, ya shaƙe shi bayan gasa har ya suma. Duk da haka ya zama zakaran Amurka a 1900, ya tafi Turai a 1901, inda zakaran Faransa Edmond Jacquelin ya kayar da shi a Paris, shi kuma ya rama a karawa ta biyu. Ya shafe shekaru yana ƙin yin tsere ranar Lahadi saboda addininsa, abin da ya ja masa asarar kuɗi masu yawa.

Ya yi ritaya a 1910. Kasuwancin da ya zuba dukiyarsa a ciki ya rushe, lafiya ta ƙi. A 1928 ya buga tarihin rayuwarsa da kuɗinsa, ya koma yana tallan littafin da kansa a Chicago. A can ya rasu ranar 21 ga Yunin 1932, yana da shekara 53, aka binne shi a kabarin da ba a rubuta ko sunansa ba.

A 1948 tsofaffin 'yan tsere, da tallafin mai kamfanin kekuna Frank Schwinn, suka mayar da gawarsa wani kabari mai alama. A 1982 Indianapolis, garin da ya taɓa hana shi shiga filayen tserensa, ya buɗe filin tseren keke mai ɗauke da sunansa.