Joseph-Armand Bombardier: Bakaniken ƙauye da ya buɗe hanya a kan dusar ƙanƙara

A farkon ƙarni na 20, idan hunturu ya sauka a lardin Quebec na ƙasar Kanada, ƙauyuka kan yanke daga birane har tsawon watanni. Dusar ƙanƙara kan binne hanyoyi, masu motoci su kulle su a rumfa har sai ta narke. Abin hawan da ya rage shi ne amalanken katako maras taya, wanda ke zamewa a kan sanduna biyu, doki na ja. Likita bai isa wurin majinyaci da wuri ba, ɗan kasuwa bai isa kasuwa ba. Mutumin da ya fi kowa sauya wannan hali shi ne Joseph-Armand Bombardier, bakaniken da bai taɓa zama ɗalibin jami'a ba.

Tasowarsa

An haife shi ranar 16 ga Afrilu, 1907 a ƙauyen Valcourt, cikin al'ummar Kanada masu magana da Faransanci. Shi ne babba a cikin 'ya'ya takwas na Alfred Bombardier, manomi kuma mai kanti. Tun yana yaro hannunsa ba ya rabo da ƙarafa. Yana ɗan shekara 13 ya haɗa ƙaramin jirgin ƙasa na wasa da ke tafiya da injin agogo.

A ƙarshen shekarar 1922, yana da shekara 15, ya gyara wani tsohon injin motar Ford, ya ɗora shi a kan amalanken zamiya, ya maƙala masa farfela a baya irin ta jirgin sama. Shi da ƙanensa Léopold suka hau, suka ratsa titin ƙauyen. Mahaifinsu da ya ga farfela na juyawa a fili ba murfi, sai ya umarce su da su wargaza abin kafin ya hallaka wani.

Burin mahaifin shi ne ɗansa ya zama limamin coci, don haka ya tura shi makarantar horar da limamai a birnin Sherbrooke. Zuciyar yaron ba ta can. Yana da shekara 17 ya bar makarantar ya tafi Montreal, inda ya riƙa koyon kanikanci da rana, da dare kuma yana ɗaukar darussan injina da lantarki. A 1926 ya dawo Valcourt ya buɗe garejinsa da tallafin mahaifinsa, a 1929 kuma ya auri Yvonne Labrecque. Da yake aikin gyaran mota kan mutu a lokacin hunturu, sai ya mayar da waɗannan watanni lokacin gwaje-gwajen motar ƙanƙara.

Rashin da ya sauya komai

A hunturun 1934, ɗansa Yvon mai shekara biyu ya kamu da ciwon ciki mai tsanani, irin wanda ke buƙatar tiyata cikin gaggawa. Dusar ƙanƙara ta toshe hanyar asibiti, kuma babu ko ɗaya daga cikin motocin gwajin da ke garejin da za ta iya kai yaron. Haka ya rasu a gida. Daga wannan lokaci aikin da a da yake yi don sha'awa ya zama masa wajibi.

Matsalar da ke gabansa kashi uku ce. Na farko, dusar ƙanƙara taushi gare ta, tayar mota kan nutse a ciki kamar yadda take nutsewa a rairayi. Maganin wannan shi ne a baza nauyin motar a kan wuri mai faɗi, kamar yadda faffaɗan tafin raƙumi ke hana shi nutsewa a hamada. Na biyu, dole a sami abin da zai kama ƙasa ya tura motar gaba ba tare da sulɓi ba. Na uku, dole a sami hanyar juya ta dama da hagu.

Allunan zamiya, wato dogayen alluna masu lanƙwasasshen baki da mutanen arewacin Turai suka daɗe suna ɗaurawa a ƙafa, sun warware matsalar juyawa: ya sa biyu a gaba a madadin tayoyi, ya haɗa su da sitiyari. A baya kuma ya sa ɗamara mai zagaye tayoyi, irin ta katafila. Sai dai ɗamarar ƙarfe tana da nauyi, kuma dusar kan cushe tsakaninta da tayoyi har ta daskare ta tsayar da tafiya.

A 1935 ya gano mafita. Ya ƙera wata taya mai haƙora wadda aka lulluɓe da roba, ita ce ke jan ɗamarar. Ɗamarar kuwa bel biyu ne na roba da zare, an haɗa su da sandunan ƙarfe a gicciye, da tazara a tsakani. Haƙoran na shiga tazarar suna jan ɗamarar, suna kuma ture dusar waje, robar kuma na shanye girgiza. Ya mayar da injin baya domin nauyi ya sauka a kan ɗamarar, gaba ya yi sauƙi. A 1937 gwamnatin Kanada ta ba shi takardar mallakar wannan fasaha.

Ba shi ne farkon wanda ya gwada haɗa inji da allunan zamiya ba. A Amurka, Carl Eliason na jihar Wisconsin ya sami takardar mallakar wani amalanke mai inji tun 1927. Abin da ya bambanta Bombardier shi ne ya samar da motar da za a dogara da ita kullum, kuma ya iya ƙera ta da yawa don sayarwa.

Daga gareji zuwa masana'anta

Motarsa ta farko da ta shiga kasuwa ita ce B7: harafin farko na sunansa, da adadin mutanen da take ɗauka. Jikinta na katako ne mara nauyi, a rufe, don kare fasinja daga sanyi. Masu sayenta na farko su ne waɗanda aikinsu ba ya jiran yanayi: likitocin karkara, likitocin dabbobi, limaman coci da masu ɗaukar gawa. Daga baya ya fito da B12 mai ɗaukar mutum 12, wadda ta zama motar haya da ta kai wasiƙu da ta ɗaukar marasa lafiya. A 1942 ya yi wa kamfaninsa rajista da sunan L'Auto-Neige Bombardier.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta taƙaita sayar wa farar hula irin waɗannan motoci, sai ya koma ƙera wa sojoji motocin da ke ratsa ƙanƙara da taɓo. Bayan yaƙin ciniki ya bunƙasa, musamman da motar C18 da ke kai yaran karkara makaranta.

Sai ga wata doka da ta kusa rusa shi. A ƙarshen shekarun 1940 gwamnatin Quebec ta wajabta share dusar ƙanƙara daga hanyoyin karkara. Alheri ne ga jama'a, domin motoci na yau da kullum sun sami damar tafiya duk shekara, amma cinikin Bombardier ya faɗi da kusan rabi cikin shekara guda. Maimakon ya tsaya kuka da gwamnati, sai ya nemi wuraren da babu hanya sam. A 1953 ya fito da Muskeg, motar da ke tafiya a fadama da taɓo da dusa, wadda masu yankan katako da masu haƙar mai da ma'adinai suka runguma. Ita ta ceci kamfanin.

Ski-Doo

Tun yana matashi burinsa shi ne ƙaramar mota ta mutum ɗaya ko biyu, da za ta maye gurbin amalanken da karnuka ke ja a arewacin Kanada. Abin da ya hana shi shi ne nauyin injinan wancan zamani. A shekarun 1950 aka fara samun ƙananan injina marasa nauyi, ɗansa Germain kuma ya samar da ɗamarar roba guda ɗaya mai faɗi, mara mahaɗi. Da waɗannan biyu aka haɗa wani abin hawa mai kama da babur: alluna biyu a gaba, ɗamara ɗaya a ƙarƙashin mazauni.

A 1959 aka fara sayar da shi da sunan Ski-Doo. A shekarar farko guda 225 aka sayar. Cikin shekara huɗu adadin ya haura dubu takwas a shekara. Bombardier ya yi shi ne don mafarauta, masu binciken ƙasa da masu wa'azi a yankuna masu nisa, amma sai masu neman nishaɗi suka fi kowa saye, har ya zama wasan hunturu. A can arewa mai nisa kuwa, al'ummar Inuit da dama sun ajiye karnukansu sun koma kansa wajen farauta da tafiye-tafiye.

Bai daɗe ya ga ƙarshen bunƙasar ba. Ciwon daji ya kama shi, ya rasu a Sherbrooke ranar 18 ga Fabrairu, 1964, yana da shekara 56.

Abin da ya bari

Ɗansa Germain ya gaje shi na ɗan lokaci, sannan a 1966 surukinsa Laurent Beaudoin ya karɓi ragamar kamfanin. Magadan sun bi darasin da dokar share hanyoyi ta koya wa kamfanin, na kada a dogara da haja ɗaya. A 1974 suka sami kwangilar ƙera taragun jirgin ƙarƙashin ƙasa na Montreal, a 1986 kuma suka sayi kamfanin jiragen sama na Canadair. Yau sunan Bombardier ya fi shahara a kan ƙananan jiragen sama na alfarma da attajirai da shugabanni ke hawa. An ware sashen Ski-Doo a 2003 ya zama kamfani mai zaman kansa, amma hedikwatarsa na nan a Valcourt, inda aka adana garejin 1926 a cikin gidan tarihin da ke ɗauke da sunan mai shi.