Taƙaitaccen Tarihin Marigayi Alhaji Dokta Abubakar Imam (1911–1981)

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya nufe mu da ganin ranar aza harsashin wannan ɗaki nasa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, an ga ya kyautu a sa tarihin ɗaya daga cikin magabatan garin nan a cikin wannan ɗan littafi, saboda 'yan baya waɗanda ba su tarar da su ba. Wanda aka zaɓa shi ne Marigayi Alhaji Abubakar Imam, wanda ya yi mafi yawan rayuwarsa a Zariya, ya kuma yi aikinsa a ma'aikatar Gaskiya, wadda babban titin da ya ratsa Tudun Wada ya ci sunanta. Da wuya a sami wanda ya shiga makaranta a ƙasar Hausa bai ga sunansa a bangon Magana Jari Ce ba, amma kaɗan ne suka san irin zaman da ya yi da mutane. Mu kuwa wannan ne ya fi shafarmu yau, domin ginin masallaci aikin gayya ne, an kuwa sha ganin inda aka aza harsashi ana raha, kafin a kai ga rufi jama'a ta dare biyu a kan kuɗi, ko a kan wanda zai ja salla.

An haifi Abubakar a Kagara cikin shekarar 1911, a ƙasar da yanzu take cikin Jihar Neja. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne, shi ne kuma alƙalin garin. A gida ya fara karatun allo kamar sauran yara. Yana da wa, Malam Bello Kagara, wanda ya girme shi da kimanin shekara 20, yana kuwa koyarwa a Kwalejin Katsina. Shi ya ɗauki yaron ya tafi da shi Katsina, a zamanin da iyaye da yawa suke ɓoye 'ya'yansu in sun ji an ambaci makarantar boko. Abubakar ya shiga Kwalejin cikin 1927, ya fita cikin 1932, aka ba shi koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. A Kwalejin nan ya yi zamani da Ahmadu Raɓa, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, da Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Cikin 1933 Ofishin Fassara na Zariya, wanda Dokta Rupert East yake shugabanta, ya sa gasar ƙaga labari da Hausa. Wa da ƙane duka suka shiga. Malam Bello ya rubuta Ganɗoki, Abubakar kuwa, yana ɗan shekara 22, ya rubuta Ruwan Bagaja, aka buga su duka biyu tare da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Ba a daɗe ba sunan ƙane ya fi na wa tashi wajen rubutu. Duk wanda ya riƙi ƙanensa ya kai shi makaranta, to, ya shirya ganin irin wannan rana. Malam Bello ya gan ta da ransa, ya ci gaba da nasa aiki na koyarwa da alƙalanci har ya zama Walin Katsina.

Dokta East ya gane ya tsinci dami a kala. Cikin 1936 ya nemi a ba shi aron matashin malamin nan na wata 6, ya zo Zariya. Ya tara masa littattafan tatsuniyoyi na Larabawa da na Indiya da na Turawa, shi kuwa ya karanta, ya sāke musu riga da harshe har suka zama kamar a zauren wani gida na Katsina aka haife su. Daga nan Magana Jari Ce ya fito, littafi 3.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan wannan littafi, don halin mai shi yana ciki. Sarki ya fita yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, mugun Waziri yana ƙulla yadda zai hallaka shi. Wanda ya tsare yaron wani aku ne, tsuntsun da ba shi da takobi, ba shi da dogari ko ɗaya. Da labari ya riƙa ɗauke hankalin Musa dare bayan dare har uban ya komo, daga baya kuma shi aka naɗa Waziri. Akun nan yakan gaya wa sarki abin da fadawa suke tsoron faɗi, amma ya san lokacin faɗi da yadda ake lulluɓe magana don ta shiga. Yaro yakan karanta ya yi dariya ya wuce. Babba in ya sake karantawa sai ya ga darasi ne a kan yadda na ƙasa zai gyara na sama ba tare da ya tozarta shi ba. Marubucin bai kai shekara 30 ba sa'ad da ya rubuta haka, sauran rayuwarsa kuwa kusan duk a kan wannan aiki na aku ta ƙare.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne editanta na farko na Hausa, dalilin da ya sa ya baro Katsina ya tare a Zariya ke nan. Ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne jita-jitar da ta cika kasuwanni cewa Ingila za ta miƙa ƙasar nan ga Jamus. Cikin watan Satumba na shekarar yaƙi ya ɓarke. Aka shiga ɗaukar soja, kayan masarufi suka yi wuya, daga 1942 kuma aka riƙa kwasar mutane daga lardi-lardi zuwa aikin tilas na haƙar kuza a ƙasar Jos. A irin wannan hali editan yana da iyayen gida uku, ba kuwa abu ɗaya suke so ba. Gwamnati ce take biyan albashinsa, tana son a kwantar wa jama'a hankali. Sarakuna ba su saba ganin an buga maganar En'e a takarda kowa ya karanta ba. Ga kuma malaman makaranta da ma'aikata da 'yan kasuwa suna aiko wasiƙu na kuka, suna jiran su ga ko sunan jaridar gaskiya ne. Samari masu zafin ra'ayi suka ce jaridar bakin Gwamnati ce, wasu manya kuwa suka ga yaron nan ya cika ƙarfin hali. Mai tsayuwa a tsakiya ta ko'ina jifa yake sha. Ya fi shekara 10 a kan wannan kujera, kuma a hannunsa Hausar jarida ta sami kamanninta.

Cikin 1943, yaƙi yana tsaka, jiragen Jamus na ƙarƙashin ruwa suna farautar jiragen Ingila a teku, aka gayyaci editoci 8 na Afirka ta Yamma zuwa Ingila. Shi kaɗai ne daga Arewa. Labarin tafiyar yana cikin littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. A wannan tafiya abubuwa biyu suka faru waɗanda in ba a haɗa su ba, ba za a fahimci mutumin ba.

Dokta Nnamdi Azikiwe, wanda yake cikin ayarin, ya tsara takardar neman a kai ƙasashen nan ga mulkin kai cikin shekara 15, aka nemi kowa ya sa hannu. Malam Abubakar ya ƙi. Ya san ƙidayar 'yan makarantar Arewa a lokacin, ya san in aka raba mukamai a wannan hali ba za a sami masu riƙe na Arewa ba, ba kuwa wanda ya aiko shi ya yi alkawari da sunan jama'a. An zarge shi a kan wannan, har yanzu ma akwai masu ganin ya yi nawa, tun da mulkin kai ya zo cikin 1960, shekara 2 kacal bayan wa'adin da Azikiwe ya yanka. Masu wannan ra'ayi suna da hujjarsu. Amma wanda ya ɗauka ƙin sa hannun nan biyayya ce ga Turawa, sai ya dubi abu na biyu.

A Ingila ya sadu da Lugga, watau Lord Lugard, mutumin da ya ci ƙasar Arewa da yaƙi, ya kafa mulkin En'e, a lokacin ya tsufa ƙwarai. Tsohon ya tambaye shi halin da ƙasa take ciki. Da wani ne sai ya yi godiya ya ce lafiya lau. Malam Abubakar ya zauna ya rubuta masa doguwar wasiƙa, ya bayyana masa inda ginin nasa ya tsage: talaka ba shi da inda zai kai kuka, 'yan makaranta sun fito an rufe musu ƙofar shawara, Turawan mulki kuma abin da aka ga dama ake gaya musu, su ɗauka shi ne gaskiya. Maganar ta kai har ga Gwamnan Nijeriya, Sir Arthur Richards. Ga ɗan shekara 32, ma'aikacin Gwamnati, yana gaya wa mai tsarin aibin tsarinsa cikin ladabi, bayan ya ƙi bin abokan tafiyarsa a kan abin da bai gamsu da shi ba. Ya saɓa wa ɓangare biyu cikin tafiya guda, ya komo gida kowane ɓangare yana iya zama da shi.

Cikin 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, aikin ɗab'i ya bunƙasa, ma'aikata daga wurare dabam-dabam suka taru a wannan yanki namu. Tudun Wada da ma unguwar baƙi ce, mazaunin 'yan Arewa waɗanda ba haifaffun Birnin Zazzau ba, shi kansa kuwa baƙo ne, ɗan Kagara, renon Katsina. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a tsakanin 1948 da 1949, wadda shugabanta na farko shi ne Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko na Arewa, Kirista, tashin Wusasa. Ɗan alƙali, jikan malamai, bai ga abin ƙi ba a zauna ƙarƙashin shugabancin wanda ba addininsu ɗaya ba, tun da abin da ya tara su amfanin jama'a ne.

An zaɓe shi Majalisar Wakilai ta Kaduna cikin 1951, daga can kuma ya tafi ta Ikko. A zamanin wakilcinsa ne aka yi rikicin 1953 a kan ranar mulkin kai, wanda ya kai ga zubar da jini a Kano. Bai daɗe cikin siyasa ba. A tsakiyar shekarun 1950 ya koma Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, daga baya ya zama shugabanta. Wannan kujera ce mai zafi, domin lokacin ne ake cike gurbin Turawa da 'yan ƙasa, kowane babba yana da yaro, kowane lardi yana ƙidayar rabonsa. Mai riƙe da ita dole ya iya cewa a'a ga aboki da suruki da wanda ya fi shi ƙarfi, gobe kuma su haɗu a sahu ɗaya. Waɗanda aka damƙa wa kuɗin ginin nan da littafin lissafinsa za su ɗanɗana kaɗan daga cikin wannan, sa'ad da ɗan'uwa ya zo neman kwangilar bulo, ko mai hali ya ba da gudummawa yana sa ran a ba shi ta cewa.

Ranar 15 ga Janairu, 1966, aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, mutanen da suka zauna makaranta ɗaya da shi. Cikin 1967 aka rushe Jihar Arewa aka yanka ta gida 6, yaƙin basasa kuma ya biyo baya. Gidan da ya yi wa hidima tun yana saurayi ya watse a gabansa, yana da shekara 56. Bai koma gefe ya naɗe hannu ba. Ya ci gaba da yi wa sabuwar jiha aiki, har a ƙarshe aka ɗora masa sauraron koke-koken jama'a a kan ma'aikatun Gwamnati, watau ainihin abin da ya gaya wa Lugga babu shi shekara 30 da suka wuce.

Ta wajen addini kuwa, alƙalamin da ya rubuta Ruwan Bagaja shi ya rubuta Tarihin Annabi Kammalalle, da Sayyidina Abubakar, da Hajji Mabuɗin Ilmi. Ya lura akwai dubban mutane da suka iya karatun boko ba su iya Larabci ba, ya ga ba daidai ba ne su sami hikaya da Hausa su rasa tarihin Manzonsu da ita. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa na Dokta. Labarin rayuwarsa da ya bari, Alhaji Abdurrahman Mora ya tsara shi aka buga cikin 1989.

Allah ya karɓi ransa a Zariya ranar Jumma'a, 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara 70. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, ya sa Aljanna ce makomarsa, da shi da iyayenmu da malamanmu da suka riga mu. Allah ya ba mu ikon kammala wannan gini kanmu a haɗe, amin.