Ray Crowe, malamin lissafin da ya raini zakarun ƙwallon kwando a zamanin wariyar launin fata

Masu bibiyar gasar NBA sun san Oscar Robertson, ɗaya daga cikin gwanayen ƙwallon kwando da aka taɓa yi a Amurka. Amma kaɗan ne suka san mutumin da ya horar da shi yana ɗalibin lise, wato Ray Crowe. Shekara 7 kacal ya yi yana jagorantar ƙungiyar makaranta, amma tarbiyyar da ya ba yaransa ta bi su har tsufa.

An haifi Crowe a shekarar 1915 a karkarar jihar Indiyana, inda ya taso a gona cikin maƙwabta fararen fata. Ya yi karatu a kwalejin Indiana Central, kuma duk da takardar da ya samu, shara ya fara yi a masana'antar International Harvester, domin a lokacin ba kowane aiki ake ba baƙar fata ba. Daga baya ya samu aikin koyar da lissafi a wata makarantar yara da ke birnin Indiyanapolis. A 1950 aka damƙa masa horar da ƙungiyar ƙwallon kwando ta makarantar Crispus Attucks.

Ita wannan makaranta an buɗe ta ne a 1927 domin a ware 'ya'yan baƙaƙen fata daga sauran ɗalibai, a shekarun da ƙungiyar Ku Klux Klan ke da ƙarfi a siyasar jihar. Sai a 1942 aka yarda ta shiga gasar makarantun jiha. Ko bayan haka, zauren wasanta ya yi ƙanƙanta, don haka a filayen wasu take buga wasanninta. A kan hanya kuwa, akwai garuruwan da gidajen abinci ba sa karɓar 'yan wasan.

Crowe ya san alƙalan wasa ba za su riƙa yi wa yaransa adalci ba a kullum. Sai ya kafa musu doka: babu gardama da alƙali, babu ramuwa idan an tsokane su, babu wasan burge 'yan kallo. Maganin alƙali mai son kai, a ganinsa, shi ne a ba abokin karawa ratar da busa usur ba za ta iya cike ta ba. Shi ya sa ya sake musu mara su yi wasa mai sauri da matsi, saɓanin wasan sanyi da makarantar ta saba yi don gudun ɓata wa farare rai. Yawancin yaran 'ya'yan talakawa ne da suka koyi ƙwallo a filin ƙura na unguwarsu. Yana bin diddigin makinsu a aji, kuma wanda ya yi wasa da karatu benci ne makomarsa, komai gwanintarsa.

A shekararsa ta farko ya kai ƙungiyar sahun huɗun ƙarshe. A watan Maris na 1955, Attucks ta doke makarantar Roosevelt ta birnin Gary da ci 97 da 74 a wasan ƙarshe. Ta zama makarantar Indiyanapolis ta farko da ta ci kofin jiha, kuma ana lissafa ta a matsayin makarantar baƙaƙe zalla ta farko a Amurka da ta lashe irin wannan gasa da kowa ke shiga. A 1956 ta sake ɗaukar kofin bayan ta ci wasanni 31 ba a doke ta ko sau ɗaya ba, abin da ba a taɓa yi ba a jihar. Robertson ya ci maki 39 a wasan ƙarshe na shekarar.

Sai dai murnar 1955 ta zo da ɗaci. An zagaya da zakarun dandalin tsakiyar birni, daga nan aka wuce da su wani lambu a unguwar baƙaƙe domin a can aka tsara su yi shagalinsu. Robertson, wanda bai kai shekara 17 ba a lokacin, ya bar wurin ya koma gida, kuma abin ya daɗe yana ci masa rai. A 2015, bayan shekara 60, birnin ya karrama waɗanda suka rage a raye daga cikin ƙungiyar, inda suka jagoranci faretin bikin tseren motoci na Indiyanapolis 500.

Inda aka fi ganin aikin Crowe shi ne rayuwar yaran bayan sun bar hannunsa. Robertson ya ci lambar zinare a wasannin Olamfik na Roma a 1960. A kakar 1961 zuwa 1962 ya zama ɗan wasan NBA na farko da matsakaicin makinsa, da ƙwallayen da ya cafke, da waɗanda ya miƙa aka ci, duk suka haura 10 a kowane wasa. A 1971 ya ɗauki kofi da ƙungiyar Milwaukee Bucks. Duk tsawon wannan lokaci an san shi da wasa marar ƙawa, irin wanda aka koya masa a Attucks. Ya kuma shugabanci ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasan NBA daga 1965 zuwa 1974. Ƙarar da aka shigar da sunansa a 1970, wadda aka sasanta a 1976, ita ce ta share hanyar da 'yan wasa ke bi a yau su zaɓi ƙungiyar da za su bugawa idan kwantiraginsu ya ƙare. Yaron da aka hana yi wa alƙalin wasa gardama, kotu ya kai kukansa, kuma ya samu biyan buƙata.

Hallie Bryant, wanda aka zaɓa gwarzon ɗan wasan makarantun jihar a 1953, ya yi karatu a Jami'ar Indiyana, sannan ya shafe fiye da shekara 20 tare da ƙungiyar Harlem Globetrotters. Albert Maxey ya tafi Jami'ar Nebraska, ya kuma yi doguwar hidima a aikin ɗan sanda a birnin Lincoln. Ga da yawa daga cikinsu, ƙwallo ce ta buɗe ƙofar jami'a, amma makin ajin da malaminsu ya nace a kai ne ya ba su damar shiga.

Crowe ya ajiye aikin horarwa a 1957, bayan ya ci wasanni 179, an doke shi sau 20. Ya ci gaba da zama shugaban sashen wasanni na makarantar, kuma Bill Garrett da ya gaje shi ya sake kawo kofi a 1959. A 1966 aka zaɓe shi ɗan majalisar dokokin jihar Indiyana, inda ya shugabanci kwamitin ilimi. Daga baya ya riƙe hukumar kula da lambuna da filayen wasa ta Indiyanapolis, ya kuma zauna a majalisar birnin da a da ya taƙaita wa yaransa murna.

Ya rasu a watan Disamba na 2003 yana da shekara 88. Makarantar Crispus Attucks tana nan har yau, tana karɓar ɗalibai ba tare da duba launin fata ba, kuma a 2017 ƙungiyarta ta sake cin kofin jiha, karon farko tun 1959.