Terry Fox, saurayin da ya roƙi dala ɗaya-ɗaya

Yau filinmu na tarihi zai kai mu ƙasar Kanada, inda aka haifi Terry Fox a garin Winnipeg ranar 28 ga Yuli 1958. A shekarar 1977, yana ɗan shekara 18, likitoci suka gano yana da sankarar ƙashi a ƙafar dama, wani irin ciwon daji da ba kasafai ake samunsa ba, wanda ya fi kama matasa. Aka yanke ƙafar daga saman gwiwa, aka sa masa ta roba.

A asibiti ya ga azabar da yara masu ciwon suke sha, ya kuma gane cewa kuɗin binciken magani ba su taka kara sun karya ba. Sai ya ƙudura zai ratsa Kanada da gudu, daga gabas zuwa yamma, yana roƙon dala ɗaya daga kowane ɗan ƙasa. Dalar Kanada fa, ba tamu ta kasuwa ba. Jama'ar ƙasar a lokacin miliyan 24 ne.

Ya tashi daga garin St. John's ranar 12 ga Afrilu 1980, abokinsa Doug Alward yana biye da shi a mota. Kullum sai ya yi wajen kilomita 42. Da farko ba a kula shi sosai ba, amma da ya shiga lardin Ontario sai jama'a suka yi ta fitowa tarbarsa. Bayan kwana 143 da kilomita 5,373, ciwon ya kama huhunsa, dole ya tsaya kusa da Thunder Bay ranar 1 ga Satumba. Gudummawa kuwa ba ta tsaya ba, a watan Fabrairu 1981 kuɗin suka haura dala miliyan 24. Ya rasu ranar 28 ga Yuni 1981, yana da shekara 22.

Tun daga shekarar ake taron tunawa da shi duk watan Satumba, wasu da gudu, wasu da tafiyar ƙasa, wasu bisa keke. Ya zuwa 2022 an tara sama da dala miliyan 850 don bincike.

Mu da muka san adashi, wannan hanya ba baƙuwarmu ba ce. In kowace rumfa za ta ajiye ɗan abin da ya sauwaƙa ranar kasuwa, ɗan'uwan da ciwo ya kayar ba zai rasa kuɗin zuwa asibiti ba.