Alphonse Pénaud da Wutsiyar Jirgin Sama

Duk ɗalibin da ya taɓa ɗaga kai ya kalli ƙananan jiragen Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, wadda aka kafa a nan Zariya a 1964, ya ga kowannensu da wutsiya. Kaɗan ne suka san mutumin da ya nuna yadda ya kamata a ɗaura ta.

An haifi Alphonse Pénaud a Paris, babban birnin Faransa, a 1850. Mahaifinsa babban hafsan sojan ruwa ne, shi ma aikin da ya so ke nan. Sai ciwon ƙugu ya kama shi, har ba ya tafiya sai da sanduna. Da teku ta gagare shi, ya mai da hankalinsa sama.

Ran 18 ga Agusta, 1871, ya je wani lambu a Paris da ɗan jirgi mai tsawon santimita 50, da kaɗan ya fi wanda yaranmu ke yi da karan dawa. Injinsa murɗaɗɗiyar roba ce mai juya farfela a baya. Ya sake shi a gaban masana, ya yi tafiyar mita 40 cikin daƙiƙa 11 bai kife ba. Asirin yana wutsiya. Ya ɗaura ta gabanta a ɗan sunkuye, ba daidai da fiffike ba. In hancin jirgin ya yi ƙasa, iska ta danne wutsiya, hancin ya ɗago. In ya yi sama da yawa, ta ɗaga wutsiya, hancin ya sauko.

Masu haɗa ƙananan jiragen da ake sarrafawa da rediyo sukan yi gardama: a yi wa wutsiya doro kamar fiffike, ko a bar ta shimfiɗe kamar allo? A ƙaramin jirgi mai tafiya sannu bambancin ba shi da yawa, gama ba ita ke ɗauke da nauyin ba. A ganina girmanta da sunkuyonta sun fi doron muhimmanci.

A 1876 Pénaud ya zana babban jirgi mai ɗaukar mutane, amma bai sami mai ba da kuɗin ƙera shi ba. Baƙin ciki ya yi masa yawa, abin tausayi, ya kashe kansa a 1880 yana da shekara 30.

Shekara biyu kafin nan, a Amurka, Bishop Milton Wright ya kawo wa 'ya'yansa Wilbur da Orville abin wasa mai tashi da roba, ƙirar Pénaud. Su ne suka tashi da jirgi mai inji a 1903.