Tarihin Konstantin Pobedonostsev

Sarakunan Rasha biyu na ƙarshe, Alexander na Uku da ɗansa Nicholas na Biyu, duk sun yi karatu a gaban Konstantin Pobedonostsev, wanda ake ɗauka shi ne jagoran 'yan mazan jiya a ƙarshen daular.

An haife shi a birnin Mosko a 1827. Ya karanci shari'a a St Petersburg, sannan ya koyar a Jami'ar Mosko. Da shi aka tsara garambawul ɗin kotuna na 1864, wanda daga baya ya koma yana suka.

A 1880 aka naɗa shi wakilin sarki a majalisar ƙoli ta Cocin Orthodox, duk da cewa shi ba limamin coci ba ne.

Tasirinsa ya fito fili a watan Maris na 1881, lokacin da 'yan juyin juya hali suka kashe Sarki Alexander na Biyu da bam. Marigayin ya riga ya amince da shirin ministansa Loris-Melikov na shigo da zaɓaɓɓun wakilai su riƙa ba gwamnati shawara. Shawara kawai, amma Pobedonostsev ya ga cewa daga nan sarauta za ta fara zubewa.

Ya shawo kan sabon sarki, wato ɗalibinsa, aka jingine shirin. Shi ya rubuta sanarwar watan Afrilu wadda ta jaddada cewa iko na sarki ne shi kaɗai. Loris-Melikov ya yi murabus.

A ganinsa majalisar dokoki yaudara ce, 'yan jarida kuma masu iko ne da babu wanda ya zaɓe su. Ya yawaita makarantun coci a ƙauyuka, ya matsa wa Yahudawa da Kiristocin da ba sa bin cocin gwamnati. Ya kuma goyi bayan ɗan mishan Nikolai Ilminsky, wanda ya yi ta ƙoƙarin hana Tatar na yankin Kazan da aka mayar Kirista komawa Musulunci. A zamaninsa ne, a 1901, cocin ta yanke hulɗa da marubuci Leo Tolstoy.

Komai ya warware a 1905. A watan Afrilu Nicholas na Biyu ya sassauta dokokin addini, dubban Tatar suka koma Musulunci a fili. A watan Oktoba, bayan kashin da Rasha ta sha a hannun Japan da kuma yajin aikin gama-gari, sarkin ya yi alkawarin kafa majalisar Duma. Cikin 'yan kwanaki Pobedonostsev ya bar muƙaminsa.

Ya mutu a St Petersburg a watan Maris na 1907, lokacin da majalisar Duma ta biyu ke zama a birnin.